Ƙawata kan yi wata biyu shiru ban damu ba, shi kuwa shirun awa biyu ke tayar min da hankali

Fa'iza:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina, na ga gara in fito da shi a nan. Shekarata 23. Ina da ƙawa tun muna ajin farko na sakandare. Sai mu yi wata biyu ba mu ji ɗuriyar juna ba, ranar da muka haɗu kuma mu ɗora daga inda muka tsaya, ban taɓa kwana ina tunanin ko ta daina sona ba. Amma wanda muke maganar aure da shi, abin daban ne. Ranar Talata na tura masa saƙo da la'asar, na ga alamar ya karanta, bai amsa ba. Kafin magariba na rubuta saƙo uku na goge, na koma can sama ina bin hirarmu ta sati guda layi-layi, ina neman inda na yi masa laifi. Hannuna har rawa yake. Ƙarfe tara ya kira, ashe ƙaninsa ya kai asibiti. Ga kuma mahaifiyata: ina sonta kamar raina, amma ko kuka nake yi na ji motsinta sai in share hawaye in ce mura ce. Mutum ɗaya ce ni, amma kamar mutum uku. Wannan wane irin hali ne?

Nura:
Wa alaikumussalam. Ni dai ban ga abin damuwa ba. So ne. Wanda kike so shi ne shirunsa ke damunki. Idan kun yi aure kun saba, duk zai wuce.

Hadiza:
Nura, ba lallai ya wuce ba. Shekarata huɗu da aure, ni kuma nawa a juye yake. Mijina zai yi tafiyar kwana goma hankalina kwance. Amma in na ga hoton ƙawayena sun haɗu ba a kira ni ba, ranar ba ni da sukuni, sai in yi ta lissafin abin da na faɗa a haɗuwarmu ta ƙarshe. Don haka ba maganar so kaɗai ba ce.

Malam Bashir:
Fa'iza, sannu da ƙoƙarin faɗar wannan. Ilimin halayyar ɗan'adam na karanta, kuma abin da kika kwatanta an daɗe ana nazarinsa a ƙarƙashin abin da za mu kira ilimin shaƙuwa. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

Wanda ya kafa tubalin shi ne John Bowlby, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila. A 1951 ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan yaran da suka rasa kulawar iyaye, a lokacin da yaƙin duniya na biyu ya bar yara da yawa ba gida. Abin da ya tsaya a kai shi ne jariri ba don nono kawai yake manne wa mai rainonsa ba, buƙatar kusanci ita ma buƙata ce mai zaman kanta, kamar yunwa. A 1958 Harry Harlow ya nuna irin wannan da 'ya'yan birai a Amurka: ya yi musu uwa ta waya mai ba da madara da uwa ta tsumma mai laushi, sai ga shi sun fi wuni maƙale da ta tsumman, kuma in an tsorata su wurinta suke gudu.

Mary Ainsworth ce ta mayar da maganar abin da ake iya gani da ido. Ta fara ne a Yuganda a shekarun 1954 zuwa 1955, tana shiga gidaje tana kallon iyaye mata da jariransu, daga baya ta ci gaba a birnin Baltimo. Ta tsara wani gwaji na kamar minti 20: uwa da ɗanta mai kimanin shekara ɗaya a ɗaki mai kayan wasa, baƙuwa ta shigo, uwa ta fita, sannan ta dawo. Abin lura ba kukan da yaro ya yi lokacin fitar ba ne, abin da ya yi lokacin dawowar ne. Wani zai rugo, a ɗauke shi, ya yi ajiyar zuciya, ya koma wasansa. Wani zai rugo ya maƙale, amma yana ture ta yana ƙara kuka, rarrashi ba ya shigarsa. Wani kuwa ko ɗaga kai ba zai yi ba, zai ci gaba da juya abin wasansa kamar ba wanda ya shigo. Na farko shi ne mai natsuwa, na biyu mai fargaba, na uku mai ja da baya. A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka ƙara na huɗu, yaron da zai taho ya tsaya cak ko ya juya, domin wanda yake gudu wurinsa shi ne kuma yake tsoro.

Hawayen da kike sharewa ki ce mura ce ya tuna min da yaro na ukun. Wayar da kike dubawa kuma, na biyun.

Maman Hanif:
Malam, da girmamawa, amma nan ne nake rabuwa da ku. Kullum sai a dawo kan uwa. Na haifi biyar, raino ɗaya na yi musu, amma babbar tun tana jaririya ko ƙofa aka buga sai ta firgita, na ukun kuwa kowa ya miƙo hannu zai tafi. Hali zanen dutse ne. Ina jin tsoron 'ya'yanmu su karanta irin wannan su dawo suna kallonmu a matsayin waɗanda suka lalata musu rayuwa, alhali mun yi iya ƙoƙarinmu da abin da muke da shi.

Malam Bashir:
Hajiya, kuna da gaskiya a wuri fiye da ɗaya, kuma ba zan kare abin da bai karu ba. An soki Bowlby tun yana raye kan ɗora wa uwa nauyi da yawa. A 1964 Schaffer da Emerson sun bi jarirai 60 a birnin Glasgo, suka ga kafin wata 18 yawancinsu sun shaƙu da mutum fiye da ɗaya: uba, kaka, yayye. Kuma ba lallai wanda ke ciyar da yaron ne ya fi shaƙuwa da shi ba, wanda ke amsa masa ne in ya nema. Halin da aka haifi yaro da shi ma yana da nasa rabon, kamar yadda kuka gani a naku. Sai dai zan ce raino ɗaya ba ya zama ɗaya a wurin yara biyar. Uwar da ta haifi na fari tana ƙuruciya ba ita ce ta haifi na biyar ba, ko da jiki ɗaya ne. Rashin lafiya, rashin kuɗi, rasuwa, duk suna shiga tsakanin uwa da ɗa ba da son ranta ba. Wannan bayani ne, ba tuhuma ba.

Maman Hanif:
To in dai bayani ne, na saurara. Amma ku riƙa faɗar wannan ɓangaren da ƙarfi kamar yadda kuke faɗar ɗayan.

Fa'iza:
Mama, wallahi ban zo don in zargi mahaifiyata ba. Ina shekara shida ƙanina ya yi wata doguwar jinya, kusan shekara biyu tana tsakanin gida da asibiti. Ina tuna wani dare na farka da ciwon kunne, na je bakin ƙofarta na hango ta zaune a gefen gado ta yi tagumi, takalminta ma ba ta cire ba. Sai na koma na kwanta na danne kunnen da filo. Ba ta kore ni ba, ba ta ma san na zo ba. Ni na yanke wa kaina cewa kada in ƙara mata. Yanzu da nake rubutawa ne na ga har yau a bakin ƙofar nan nake tsaye.

Sadiq:
Ban saba magana a nan ba, karatu kawai nake yi, amma wannan ya taɓa ni. Ni ne ɗaya ɓangaren, irin mutumin da ke karanta saƙo ya ƙi amsawa. Ba don raini ba. Duk lokacin da mace ta fara ce min "me ke damunka, faɗa min", sai in ji kamar an rufe ni a ɗaki ba taga. Na rabu da mutum biyu, dukansu mutanen kirki, kuma duk a daidai lokacin da abu ya fara zama da gaske. Sai in fara hango aibin da da ban gani ba, yadda take dariya, yawan kiranta. Ranar da muka rabu da ta biyun na ji sauƙi kamar an sauke min dutse. Bayan wata uku ne abin ya dawo min, na kasa barci. Abokaina suna ce min mai taurin zuciya, har ni ma na yarda. Mahaifina ya rasu ina da shekara 19, ban yi kuka ba, ni na tsaya kan komai, kowa yana yaba min.

Nura:
Sadiq, Allah Ya ji ƙan mahaifinka. Amma ka yi haƙuri, ni a ganina wannan neman uzuri ne. Ka ɓata wa 'ya'yan mutane lokaci, sannan ka ce yarintarka ce ta jawo?

Sadiq:
Amin. Ban ce ba ni da laifi ba, Nura. Ina da shi, kuma na nemi afuwar ɗaya daga cikinsu. Amma in ban san me ke tura ni ba, ta uku ma haka zan yi mata.

Malam Bashir:
Sadiq, akwai wani abu game da yaron nan na uku da nake so ka sani. Masu bincike sun auna bugun zuciyar irin waɗannan yaran a lokacin da uwa ta fita, sai aka ga yana hauhawa duk da fuskarsu ba ta nuna komai ba. Ba rashin damuwa ba ne. Yaron ya koyi cewa nuna buƙata ba ya kawo kowa, ko ma yana korar wanda ke kusa, sai ya haɗiye. Dabara ce da ta yi masa amfani a lokacin. Matsalar ita ce ya girma, mutanen sun canza, dabarar ba ta canza ba.

Maganar manya kuwa, a 1987 ne Cindy Hazan da Phillip Shaver suka buga wasu tambayoyi a wata jarida a birnin Denba, suka nemi masu karatu su zaɓi bayanin da ya fi kama da yadda suke a soyayya. Kashi 56 cikin ɗari suka zaɓi na natsuwa, kashi 25 na ja da baya, kashi 19 na fargaba. Ku lura, masu karanta jarida ne da suka ga dama suka amsa, ba ƙidayar duniya ba ce. Amma daga nan ƙofar ta buɗe. Yanzu masana sun fi kallon abin a matsayin ma'auni biyu maimakon akwati uku: yawan tsoron a bar ka, da yawan ƙyamar a matso ka. Kowa yana wani wuri a kan kowane ɗaya, wani ma yana sama a duka biyun, yana son kusanci yana kuma gudunsa.

Hadiza:
Malam, amma har yanzu ba ku amsa ainihin tambayar ba. In abin daga yarinta ne, me ya sa bai zama iri ɗaya da kowa ba? Me ya sa Fa'iza ta natsu da ƙawa, ni kuma na natsu da miji?

Malam Bashir:
Kin yi gaskiya, kuma nan ne abin ya fi daɗi a wurina. Da ana ɗaukar mutum yana da salo ɗaya da yake yawo da shi ko'ina. Daga baya aka ga ba haka ba ne kacokan. Chris Fraley da abokan aikinsa sun fito da wani ma'auni a 2011, tambayoyi tara ne ake maimaita wa mutum sau huɗu: game da uwarsa, ubansa, masoyinsa, da amininsa. Amsoshin suna da alaƙa da juna, amma ba mai ƙarfi sosai ba. Mutum na iya zama mai ja da baya da uba, mai natsuwa da aboki. Kowace dangantaka tana da nata tarihin. Ƙawar Fa'iza ta yi shekara goma tana tafiya tana dawowa, zuciyarta ta tara hujja. Saurayin bai tara wannan hujjar ba tukuna, ga shi kuma abin da aka ɗora a kansa ya fi nauyi.

Sannan shekarun nan, daga 18 zuwa wajen 25, lokaci ne na sauya mafaka. Hazan da Debra Zeifman sun nuna a 1994 cewa ba a tare ake kwashe komai daga wurin iyaye ba. Da farko wanda kake son zama da shi ne ke komawa abokai. Sannan wanda kake nema in ranka ya ɓaci. Na ƙarshe shi ne wanda ka san yana nan ko ba ka gan shi ba, wanda saninsa ke ba ka ƙarfin fita ka fuskanci duniya. Wannan na ƙarshen yana daɗewa a hannun iyaye, kuma a bincikensu yakan ɗauki kimanin shekara biyu kafin masoyi ya karɓe shi. Mai shekara 23 yakan kasance da ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a can. Shi ya sa girgizar ta fi yawa.

Anti Rabi:
Ina ta bin ku tun safe. Abu ɗaya nake so in ja kunnen yaran nan a kai. Kada kowace yarinya da hankalinta ya tashi ta ce matsalar daga ita ce. Akwai namijin da da gangan yake yi: yau ya ɗauke ki kamar sarauniya, gobe ya yi kwana uku bai ɗaga wayarki ba, jibi ya dawo da daɗin baki. Ko wace ce aka yi wa haka sai ta rikice. Na ga wata 'yar uwata da ta shiga irin wannan da lafiyarta, ta fito tana tsoron inuwarta. Fa'iza, 'yata, ki duba da kyau. Shirun nasa na ranar Talata tsautsayi ne, ko ɗabi'a?

Fa'iza:
Anti, na gode da kuka tambaya. Gaskiya ba ɗabi'arsa ba ce. In ya ce zai kira, yana kira. Shi ya sa abin ke ba ni kunya, don na san ba shi da laifi. Wani lokaci ma sai in ƙi amsa nasa saƙon na awa ɗaya don in ga ko zai damu.

Anti Rabi:
To wannan ki bari. Gwaji ba ya ƙosar da mai yin sa. Ya ci yau, gobe ki sake kafa wani.

Sadiq:
Kuma in kika yi wa irina haka, ba zai biyo ki ba, zai ƙara nisa ne. Abin da ya faru da ni da ta biyun ke nan. Tana matsowa ina ja, ina ja tana ƙara matsowa da kuka da ƙorafi, kowa yana tabbatar wa ɗan uwansa abin da yake tsoro. Ita ta tabbata za a bar ta, ni na tabbata za a shaƙe ni.

Nura:
To yanzu wanda ya tashi a haka shi ke nan, ya mutu a haka?

Malam Bashir:
A'a. Everett Waters da abokansa sun koma wa mutum 50 da aka gwada suna jarirai bayan shekara 20, sakamakon ya fito a 2000. Kashi 72 cikin ɗari suna nan a ɓangaren da suke, na natsuwa ko na rashinta. Waɗanda suka canza, da yawansu wani babban abu ne ya faɗo wa gidansu, kamar rasuwa ko rabuwar iyaye ko tsananin ciwo. A wani dogon bincike kuma da aka fara a jihar Minesota a tsakiyar shekarun 1970, kan yaran da aka haifa cikin talauci, ba a ga irin wannan ɗorewar ba, don rayuwarsu ta fi yawan juyi. Wato abin yana bin rayuwa, ba a rufe yake ba. A cikin binciken na Minesota an ga wata sarƙa: yaron da ya natsu yana shekara ɗaya ya fi iya zama da yara a firamare, wannan ya kai shi ga abota mai aminci yana 16, ita kuma ta yi tasiri kan soyayyarsa a farkon shekarunsa na ashirin. Ku duba inda abota ta zauna a tsakiya. Ni a ganina mun raina ta. A nan mutum ke koyon yin faɗa a shirya, da faɗar sirri a riƙe masa, ba tare da nauyin da ke kan aure ba.

Akwai kuma waɗanda suka tashi cikin wahala amma suka girma da natsuwa, masana na kiranta natsuwar da aka samu da gumi. Abin da ake gani a tare da su shi ne suna iya ba da labarin yarintarsu a tsare, ba su ɓoye zafin ba, ba su kuma nutse a ciki ba. Wani ta hanyar malami ko kaka ya samu, wani ta aboki ko abokin zama mai haƙuri, wani sai da ya zauna da ƙwararre. Wanda abin ya kai shi ga kasa barci ko kasa aiki, ko akwai duka da tsoratarwa a tarihinsa, ya nemi ƙwararren, hirar waya ba za ta wadatar ba.

Maman Hanif:
Fa'iza, labarin ƙofar nan ya hana ni sakat. Da ni ce mahaifiyarki zan so in sani. Ba don in yi kuka ba, don in buɗe miki ita yanzu. Na kira babbar 'yata ɗazu, na tambaye ta ko akwai abin da ta taɓa ɓoye min don kada ta dame ni. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ta ce za ta zo ranar Asabar.

Hadiza:
Ni kuma na tuna a aji biyar aka canza min makaranta a tsakiyar zango, na yi wata shida ina cin abinci ni kaɗai a lokacin tara. Ban taɓa haɗa shi da maganar hoton ƙawayena ba sai yau.

Fa'iza:
Salam. Na dawo bayan kwana huɗu. Jiya ya sake yin shiru, tun azahar. Na ji abin ya taso daga ciki kamar kullum. Na kife wayar, na kira ƙawata muka yi hira, bai tafi duka ba amma ya ragu. Da ya kira da daddare ban yi fushin ƙarya ba, na ce masa in ya yi shiru ina tsorata, kuma ba laifinsa ba ne, in zai iya ya riƙa turo ko kalma ɗaya ce. Ya ce bai taɓa sani ba, shi ya ɗauka ni ce ba na son a dame ni, saboda yadda nake jinkirta amsa. Mahaifiyata kuwa ban iya ba tukuna. Na shiga ɗakinta da niyya, na zauna a gefen gadon, ta tambaye ni lafiya, na ce lafiya lau. Amma ban tashi ba. Na kai kusan awa ɗaya a zaune tana ninke kaya ina miƙa mata. Sadiq, kai fa, ka taɓa faɗa wa wani maganar mahaifinka in ba a nan ba?

Sadiq:
Ban taɓa ba. Ina da yaya mace, ita ma ba ta taɓa tayar da maganar ba tun ranar. Lambarta na buɗe yanzu a gabana.